Wasiƙa zuwa ga Edita: Hasken da ido yake so daban, wanda murjani yake ci daban

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili ne in yi tsokaci a kan rubutun da kuka buga kwanakin baya game da kiwon kifin ado a akwatin gilashi. Na ji daɗin rubutun, domin abu ne da ba kasafai ake maganarsa da Hausa ba, kuma yawancin abin da marubucin ya faɗa a kan kifin ruwan daɗi daidai ne. Wuri ɗaya muka rabu da shi. Da ya zo kan akwatin ruwan gishiri mai murjani mai rai, sai ya ce kowane dogon ƙwan lantarki fari, irin wanda muke kira neyon a nan Maraɗi, ya wadatar matuƙar dai yana da haske sosai. Wannan ita ce hanyar da na bi da kaina a farkon kiwona, tun ban karanta ta a ko'ina ba, kuma na san abin da ta ci mini na kuɗi da na rayukan halittun da aka ɗauko daga nesa aka danƙa a hannuna.

Na san wani zai yi dariya ya ce me ya haɗa mutumin Maraɗi da murjanin teku, a garin da babban ruwansa shi ne Gulbi, wanda rabin shekara yashi ne, sai kuma tafkin Madarunfa. Dariyar tana da hujja. Ni dai sana'ata aikin wayar lantarki ce, kuma sha'awar ta kama ni ne a Jidda, a bakin Bahar Maliya, inda na fara ganin murjani a raye cikin akwati. Mu ƴan kaɗan ne masu wannan kiwo a yankinmu, amma ana ƙaruwa, musamman cikin masu otel da ƴan kasuwar da suke zuwa Dubai su ga abin su so shi a falonsu, kuma kusan kowannensu da fitila yake fara tuntuɓe.

Kuskuren yana farawa ne daga sunan. Bahaushe ya san murjani tun da daɗewa, amma a wuyan amarya ya san shi, don haka yake ɗaukarsa dutse. Jan murjanin asali da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi ƙashin wata dabba ce ta Bahar Rum, wadda take zaune a kogunan duwatsu da wurare masu duhu, kuma ita ba ruwanta da rana. Wanda ake kiwo a akwati ɗan'uwanta ne na ruwa mai ɗumi mara zurfi, kuma shi rayuwarsa a kan haske take. A cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, da masana suke kira zuzantela, waɗanda suke haɗa abinci daga haske kamar yadda ganyen hatsi yake yi a gona, su ba mai masaukinsu mafi yawan abin da yake rayuwa da shi, shi kuma ya ba su mafaka da taki. Saboda haka fitilar da ke saman akwatin murjani akushin abinci ce. Wanda ya zaɓe ta don ta ƙawata falo kawai ya yi kamar mai turke rago a gaban bangon da aka zana wa ciyawa.

Abu na biyu shi ne yadda ruwa yake yi da haske. Farin hasken rana launuka ne a haɗe, kuma ruwan teku ba ya barinsu su sauka tare. Ja ne yake fara ɓacewa cikin ƴan mitocin farko, ruwan goro da rawaya su bi bayansa, shuɗi kuwa shi yake kaiwa ƙasa sosai. Tsirran da ke jikin murjani sun saba da wannan, shi ya sa suka fi cin haske a ɓangaren shuɗi, wanda a ma'aunin nanomita, da ake bambance launukan haske da shi, yake tsakanin 420 zuwa 480 ko kusa da haka. Idon ɗan Adam kuwa ya fi ganin kore mai sirkin rawaya, wajen nanomita 555, kuma masu yin ƙwan ɗaki da na shago don idon mutum suke yinsa. Lambar lumen da ake rubutawa a kwalin ƙwai ma'aunin ido ce. Ƙwai na iya kashe ido da haske alhali abin da murjani zai ci a cikinsa kaɗan ne, wani kuma ya yi dishi-dishi a ganinmu alhali shi ne mai abincin. A nan ne shawarar marubucinku ta karye, domin ya naɗa ido alƙali a shari'ar da ba tasa ba.

Akwatina tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 50, zurfi 50, wato yana ɗaukar lita 300. Na fara da neyon biyu na kasuwa masu wat 36, farare tas, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Cikin makonni kaɗan murjanin da suka zo da kore da shuɗi suka koma ruwan ƙasa kamar tsohon tulu, suna miƙa jiki sama suna buɗewa fiye da kima, wanda a lokacin na ɗauka alamar ƙoshi ce, ashe roƙon haske suke yi. Ba zan ce farin ƙwai mai lambar launi 6500 ba ya raya murjani ko kaɗan ba, domin akwai shuɗi a cikinsa, kuma idan yana da ƙarfi sosai ana girma a ƙarƙashinsa. Laifin nawa biyu ne: ƙarfin bai kai ba, kuma ɗan abin da ke akwai ya tafi a launukan da ba su fito da kyan dabbar. Gansakukar da ta rufe duwatsuna a lokacin, na daɗe ina ɗora wa fitila laifinta, sai daga baya na gane cewa abincinta shi ne sinadaran taki, nitrat da fosfat, na ruwan famfon da nake haɗa gishiri da shi ba tare da tacewa ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya sauya ƙwai ya zauna jiran gansakuka ta tafi da kanta.

To wane ƙwai ne ya dace? Harafin T da ake rubutawa a jikin dogon ƙwai da lambar da ke biye da shi kaurin ƙwan suke nufi, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin takwas na inci. T12, tsohon mai kauri da muka taso muka gani a makarantu da asibitoci, milimita 38 ne. T8 milimita 26. T5 kuwa milimita 16, siriri kamar karan dawa. Na kiwon murjani shi ne T5 mai ƙarfi, wanda ake rubuta wa HO a jiki, kuma yana zuwa da wat 24 a tsawon kimanin santimita 55, wat 39 a 85, wat 54 a 115, da wat 80 a 145. A nan akwai tarkon da na ga ya kama mutane fiye da ɗaya. Akwai wani T5 ɗin da ake rubuta wa HE, wanda tsawonsa ɗaya ne da wancan, bakinsa ɗaya, amma mai santimita 115 ɗinsa wat 28 ne kacal, wato kusan rabi. An yi shi don ofis, don ya rage cin wuta, kuma mai shago ba yaudara yake yi ba idan ya miƙa maka shi ya ce T5 ne, domin T5 ɗin ne. Tarko na biyu sabo ne: mafi yawan abin da ake miƙo maka yau a kasuwa da sunan T5 ko T8, LED ne aka jera cikin bututun roba fari, na hasken ɗaki. Yana da amfaninsa, amma ba shi ake magana ba. Sai mutum ya karanta rubutun da ke jikin ƙwan da idonsa kafin ya zaro kuɗi.

Sirantakar T5 ita ce babbar martabarsa, kuma da yawa ba su lura da dalilin ba. Ƙwai yana watsa haske ta kowane gefe, rabinsa sama yake nufa. Idan kowane ƙwai yana da nasa madubin alminiyam mai lanƙwasa a bayansa, hasken da ya tafi sama zai dawo ya zagaye siririn ƙwan ya faɗa ruwa, alhali ƙwai mai kauri tare wa kansa hanya yake yi. Da gidan fitila mai ƙwai shida a ƙarƙashin farin kwano guda shimfiɗaɗɗe, gara mai ƙwai huɗu kowanne da madubinsa. Idan kuɗi ya gaza, a nan ya kamata a zuba abin da ke akwai, domin ƙwai ana sauya shi kowace shekara, madubi kuwa sau ɗaya ake sayensa.

Sai batun launi, wanda shi ne mutane suka fi jin daɗin gardama a kansa. Lambar Kelbin da ake rubutawa, 6500 ko 10000 ko 14000 ko 20000, ba ta nufin ƙarfi, ba ta kuma nufin zafin ƙwan. Tana nuna launi ne kawai, kuma duk yadda ta hau, hasken yana ƙara komawa shuɗi. Akwai kuma wanda ake kira aktinik, mai ƙarfinsa a nanomita 420, shuɗi mai sirkin shunayya, wanda idan aka kunna shi kaɗai ɗakin kamar ba a kunna komai ba, amma murjanin sai su riƙa walƙiya da kore da ruwan goro kamar an shafa musu fenti. Ba a amfani da launi guda, haɗawa ake yi. A gidan fitila mai ƙwai huɗu, abin da na zauna a kansa shi ne shuɗi biyu masu ƙarfinsu wajen nanomita 450, fari mai sirkin shuɗi guda, sai na huɗun ko aktinik ko mai sirkin shunayya, gwargwadon yadda mai akwatin yake son ganin jan kifinsa. Kamfanonin Jamus irin su ATI da Giesemann sun yi suna a wannan fanni, kuma sunaye kamar Blue Plus da Coral Plus su ne za a ji masu kiwo suna ambata. A ganina, da zarar rabin ƙwayayen ko fiye shuɗi ne, sauran gardamar ta ɗanɗano ce, irin ta masu son shayi da madara da masu sonsa baƙi. Na ga mutum ya sauya haɗinsa sau uku cikin wata biyu yana neman launin da ya gani a hoton Facebook, bai san cewa hoton an gyara shi ba, kuma dabbobinsa su suka biya kuɗin wannan yawo.

Yawan ƙwai kuwa dabbar ce take yanke shi, sai zurfin ruwa. Ma'aunin da ake dogara da shi sunansa PAR, yana ƙirga hasken da tsiro zai iya ci tsakanin nanomita 400 zuwa 700, kuma irinsa ne masu binciken aikin gona suke auna hasken da ke sauka a kan shuka da shi. Murjani masu laushi, irin su Zoanthus da Sarcophyton da masu kama da laimar kwaɗi, suna zama lafiya a tsakanin 50 zuwa 150. Masu ƙashi da manyan bakuna kamar Euphyllia suna son matsakaici. Masu rassa da ƙananan bakuna, wato dangin Acropora, su ne masu haɗama, ana ba su daga 200 zuwa 400 ko kusa da haka. Ƙwai huɗu sun ishi akwati irin nawa idan na farko da na biyu ake kiwo. Mai son Acropora sai ya nemi shida ko takwas, ya kuma ɗora su a saman duwatsu. Idan zurfin akwati ya wuce santimita 60, T5 yakan fara gazawa a ƙasa. Tsohuwar ƙa'idar nan ta wat kaza ga kowace lita, a ajiye ta, domin ba ta san madubi ba, ba ta san zurfi ba. Manhajar auna haske ta wayar salula ma ido take kwaikwayo, ba ta da abin cewa a kan shuɗi. Shawarata ga ɗan Maraɗi mai farawa ita ce ya tsaya a kan masu laushi shekara guda cur, kuma dalilin haka zafi ne.

Littattafan wannan kiwo an rubuta su ne a ƙasashen da damuwarsu ita ce ɗumama ruwa, mu kuwa tamu damuwar ita ce sanyaya shi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma idan zafi ya ɗara abin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu ya daɗe a haka, sai ya kori tsirran da ke jikinsa ya koma fari fat, ya zauna da yunwa. Abin da ya faru ke nan a tekuna da dama a 1998, ya kuma faru a babbar ganuwar murjani ta Ostiraliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 2016 da 2017, ya sake dawowa a shekarun da suka biyo baya. Haske mai ƙarfi yana ƙara tsananta abin idan ya haɗu da zafi. To a Maraɗi, inda Afrilu da Mayu suke haura digiri 40 a inuwa, ƙwai huɗu masu wat 54 wat 216 ne, kuma kusan dukkansa zafi yake zama a ƙarshe, a saman ruwan da a cikin ɗakin. Kuskurena na biyu ke nan. Da na gane cewa yunwar haske ce take damun dabbobina, sai na yi gyaran gangar auzinawa: na ɗora sababbin ƙwai shida rana ɗaya, a tsakiyar bazara, na kunna su tun safe. Ma'aunin zafi ya nuna 31 kafin la'asar, kuma cikin kwanaki kaɗan rabin akwatin ya yi fari. Waɗanda yunwa ba ta kashe ba, ƙoshi ya kashe su.

Daga nan na koyi abubuwan da nake yi har yau. Na juya musu rana ta koma dare: fitila tana kama ne bayan sallar magariba, ta mutu kafin asuba, awa tara zuwa goma, da agogon da yake kunnawa ya kashe da kansa, da rana kuma labule a sake yake. Murjani bai san agogon bango ba, abin da yake so shi ne lokacin ya zama guda kullum, kuma ni ma da daddare nake gida in zauna in kalle su. Shuɗayen suna riga kamawa da awa guda su kuma yi jinkirin mutuwa da awa guda, kamar fitowar rana da faɗuwarta, wanda ke nufin a raba ƙwayayen a kan layi biyu tun wajen haɗa waya. Gidan fitilar na rataye shi kimanin santimita 15 a saman ruwa, akwatin a buɗe, da ƙaramar fanka tana busa fuskar ruwan. Wannan dabara ta randa ce, kuma a busasshiyar iskarmu tana aiki ƙwarai, sai dai ruwa yana ƙafewa gishiri ya tsaya, don haka kullum ana cikawa da tataccen ruwan daɗi, ba ruwan gishiri ba, don a riƙe shi a giram 35 cikin lita. Da damina, idan iska ta yi laima, fankar takan rage tasiri. Wanda ba shi da kilim, wato na'urar sanyaya iska, a ɗakin ko na'urar sanyaya ruwa, gaskiya kada ya taɓa Acropora. Sabon ƙwai ko sabon murjani kuwa, ina shimfiɗa ragar taga ninki uku a saman akwatin, ina cire ninki ɗaya duk mako, har su saba.

Ƙwan kansa ma yana da zafin da yake so. An ƙera T5 ya fi bayar da haske idan iskar da ke kewaye da shi tana wajen digiri 35, saɓanin T8 da aka yi wa 25, kuma wannan ya ɗan yi mana daidai. Amma cikin rufaffen gidan fitila a ɗakin Maraɗi zafin yana wuce haka nesa, hasken ya ragu, ƙwan ya tsufa da wuri. A nemi gida mai fankarsa a ciki, kuma a jera ƙwayayen yadda gefen da ke da tambarin kamfani zai fuskanci inda iska take shigowa, domin a T5 wannan gefen ne aka tsara ya zama mafi sanyi. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin gishiri suna haɗuwa su yi wa madubi lulluɓi, su cinye haske ba tare da mutum ya lura ba. Tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya a mako, bayan an zare soket ƙwai ya huce, ya fi ƙarin ƙwai guda amfani.

Bari in sa hular sana'ata kaɗan. Balas shi ne na'urar da take daidaita wutar da ke shiga ƙwai, kuma T5 ba ya aiki da tsohon balas mai nauyi da sitata, sai balas na zamani, kuma a nemi irin wanda yake ɗumama bakin ƙwan na ɗan lokaci kafin ya kunna shi, domin a inda wuta take zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, kowace kunnawa tana cin ran ƙwai. Wutarmu bolt 220 ce. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, kuma na sha ganin balas ya ƙone a minti na farko saboda ba a duba wannan ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba, mai kiwo kuma kullum hannunsa a ciki yake, don haka dole a sa wayar ƙasa, a sa abin da muke kira diferansiyel mai miliampiya 30, wanda yake katse wuta da zarar ta fara zurarewa, a kuma sa wa bakunan ƙwai marufi masu hana ruwa shiga. Idan wuta ta ɗauke, kada a kashe batir a kan fitila. Murjani yana jure duhun kwana biyu ko uku, kamar yadda yake jure hadari a teku, amma ruwan da ya tsaya cak cikin zafi, awoyi kaɗan suke isa iskar shaƙa ta ƙare kifi su fara mutuwa. Batir da sola na injin motsa ruwa ne da fanka tukuna. Kuma idan wutar ta dawo kada a ce za a rama musu da ƙarin awoyi. Ga mai lissafin kati: wat 216 sau awa goma ya ɗan haura kilowat-awa biyu a yini, wato wajen 65 a wata, ban da injina da fanka.

Ƙwan murjani yana mutuwa tun yana ci. Bayan wata tara zuwa shekara, wato wajen awa dubu uku, hodar da ke cikinsa ta gaji, ƙarfinsa ya ragu, launinsa ya karkace, alhali a ido lafiyarsa lau. Ina rubuta ranar da na sa kowanne a bakinsa da alƙalami mai tawada, kuma ina sauya su ɗaya bayan ɗaya da tazarar mako biyu. Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa kafin komai: baɗi a ina zan samo wani? Gilashi ne siriri mai tsawon fiye da mita, kuma ko daga Kano zai biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, ko daga Yamai, ko a kayan matafiyi, hanyar ba ta tausayinsa. Na taɓa karɓar kwali mai ƙwai huɗu aka tarar biyu sun zama gari, kuma ba wanda ya ɗauki alhaki. Ban da wannan, duniya ma tana juya wa neyon baya. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 na hasken yau da kullum kasuwarta daga 25 ga Agusta 2023, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, sun amince a 2023 a daina ƙera irin waɗannan dogayen ƙwayaye na hasken yau da kullum nan da 2027. Ƙwan murjani na aiki na musamman ne, amma a hasashena idan manyan masana'antu suka rufe layukansu, namu ma zai yi wuya ya yi tsada.

Duk da haka ban sauke nawa ba, kuma ina da dalili. T5 yana shimfiɗa haske bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ba ya barin inuwa mai duhu a ƙarƙashin rassa, ba shi da maɓallan da za su ja mai shi ya riƙa wasa da launi kowane dare, kuma idan ya lalace, balas ne ko ƙwai ko baki, abubuwan da kowane mai aikin lantarki a Sabon Gari zai gane ya gyara. LED na kirki, wanda aka yi don murjani, ya fi shi ƙarancin cin wuta da zafi, ana iya rage ƙarfinsa, ya kuma fi dacewa da sola, kuma ba na musun cewa gaba tasa ce. Wanda zai fara yau kuma aljihunsa ya kai, ba zan hana shi ba. Amma LED mai araha wanda ba a san mai yinsa ba, idan allonsa ya ƙone sai juji. Wasu suna haɗa biyun, ƙwai biyu na T5 a gefe da LED a tsakiya, kuma can nake jin zan nufa idan ajiyata ta ƙare.

Akwai abu guda da nake roƙon marubucinku ya ƙara idan zai sake komawa kan batun. Murjani masu ƙashi irin su Acropora da Euphyllia duk suna cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, wato ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda, kuma abin da ya fi shi ne a nemi waɗanda aka yanko daga na kiwo maimakon na teku. A haɗa fitila, a kunna ta, a auna zafin ruwa na tsawon mako biyu a lokacin da gari ya fi zafi, sannan a aika a kawo dabbar. Tsofaffin ƙwayaye kuma kada a jefa su a juji, inda yara suke tsinta su fasa don jin ƙarar, domin kowanne yana ɗauke da ƴan miligiram na zaiba. Nawa suna nan cikin kwalayensu a saman katako a shagona, an ɗaure da igiya, kuma fararen cikinsu da suke da sauran rai na mayar da su zaure, inda ido ne kawai zai yi hukunci.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu, ma'aikacin lantarki,
Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.